Jama'ar Illela, Mu Tare Ruwan Bola Kafin Ya Kai Kalmalo

Jama'ar Illela! Iyayenmu maza da mata, yayye da ƙanne, mutanen Kalmalo da Araba, na Gidan Hamma da Gidan Katta, na Damba da Tozai, har da 'yan uwanmu na tsallaken iyaka a Birnin Konni, ku tattaro hankalinku nan. Maganar ruwa ce. Ruwan randa, ruwan buta, ruwan da ake dama wa yaro koko da shi, ruwan da ake ba albasa a fadama. Akwai abin da ke tunkarar wannan ruwa, kuma mu ne za mu tare shi. Ba wanda zai taso daga Abuja ya tare mana.

Ku fita ranar Litinin da sassafe, bayan kasuwar Lahadi ta watse. Kasuwar nan arziki ce, kowa ya sani. Shanu da raƙuma da tumaki na shigowa daga arewa, manyan motoci na lodi zuwa kudu, dubban gidaje na ci a cikinta. Allah Ya ƙara mata albarka. Amma ku dubi abin da take bari a ƙasa. Ledar fiya wata. Ruɓaɓɓiyar albasa. Kashin dabbobi. Jini da dattin tumbi daga mayanka. Ku haɗa da abin da gari ke fitarwa kullum: baƙin mai daga garejin makanikai, matattun batura, robar maganin feshi da aka yar, allura da auduga daga shagunan magani, ƙunzugun yara. Duk ana kwashewa a kai juji.

To, a ina muke yin juji? A inda ƙasa ta yi kwari. Tsohon kududdufin da aka haƙi ƙasar gini, bakin kwari, gefen magudana. Wato daidai inda ruwan sama ke bi, daidai inda yake kwanciya.

Da rani ba a ganin komai sai wari da hayaƙi. Sai damina ta faɗi abin ke bayyana. Iyayenmu mata sun san yadda ake ruwan toka: a zuba toka a tukunya mai huda, a kwarara ruwa a sama, ya riƙa ɗiga a ƙasa ɗauke da duk ƙarfin tokar. Haka ruwan sama ke yi wa juji. Yana sauka a kan tsibin shara, ya ratsa ta daga sama har ƙasa, ya narkar da abin da ke narkewa, ya fito ta gindi baƙi ƙirin, mai ɗoyi, mai kumfa. Wannan shi ne ruwan bola. A cikinsa akwai ƙwayoyin cutar amai da gudawa da na taifod, daga kashi da ƙunzugu. Akwai gishiri-gishirin da ke ƙona amfanin gona. Akwai sinadarin da ke fita daga ruɓa, wanda ke shanye iskar da kifi ke shaƙa a cikin ruwa har ya taso matacce. Akwai dalma daga batirin mota da na sola da aka fasa, da wasu ƙarafa masu guba daga tarkacen waya da rediyo da tocila.

Kuma ba ya tsayawa a inda ya fito. Hanya biyu yake bi. Wani ya gangara ta saman ƙasa, ya shiga kwata, ya shiga kwari, ya nufi fadama da tafki. Wani ya nutse, ya bi yashi a ɓoye, ya iske rijiya. A fadama ruwa ba shi da nisa, kun fi kowa sani: kaɗan za a haƙa a same shi. Yadda yake da sauƙin samu, haka yake da sauƙin ɓaci.

'Yan uwa, tun muna yara a zaure malamai suka koya mana cewa ruwan da najasa ta sauya masa launi, ko ɗanɗano, ko ƙanshi, ba a tsarki da shi. Sun kuma koya mana cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana yin ƙazanta a mashaya da kan hanyar mutane. Wannan karatu yana nan, kuma shi kaɗai ya isa hujja. Sai dai ku riƙe wani abu. Dalma ba ta sauya launin ruwa. Ba ta da wari. Harshe ba ya jin ta. Ruwa zai fito daga rijiya garau, mai sanyi, uwa ta ba ɗanta da bisimilla, alhali da guba a ciki. Tafasawa na kashe ƙwayar cuta, amma ba ta fitar da dalma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani ɗan adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba ya cutarwa. Tana taɓa ƙwaƙwalwa. Tana dakushe fahimta. Yaro ya taso ba ya riƙe karatu, a yi ta dukansa, ba a san ruwa ne ya cuce shi ba.

Mu mutanen wannan yanki ba ma buƙatar a ba mu labarin dalma. A 2010, nan Zamfara, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 suka rasu saboda gubarta. Can daga duwatsun zinariya da ake daka a cikin gidaje ta fito. Nan daga juji za ta fito. Gubar ɗaya ce. Kuma ba mu manta da 2021 ba, shekarar da amai da gudawa ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 3,000, Sakkwato na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Wa ya manta da gidajen gaisuwa na waccan daminar?

Yanzu ku dubi Kalmalo. Tafkin nan amana ne. Ruwan Majiya ne ke tasowa daga ƙasar Tawa a Nijar, ya bi ta madatsun Mozage da Zango da ke shayar da gonakin Konni, ya tsallako iyaka ya kwanta mana a nan. Saboda muhimmancinsa ne a 1990, a Maiduguri, Najeriya da Nijar suka sa hannu kan yarjejeniyar raba da kiyaye ruwan da suka yi tarayya a kai, kuma kwarin Majiya da Lamiɗo na cikin kwaruruka huɗu da aka ambata. Ƙasashe biyu suka zauna don wannan ruwa. Dattawanmu sun ga shekarun da tafkin ya ja baya, sun ga yadda masunta suka rataye koma, samari suka tafi cin rani. Mun san zafin rashinsa.

Tafki kuma ba gulbi ba ne. Gulbi na wucewa da abin da aka zuba masa. Tafki kwanciya yake yi. Rana ta shanye ruwan, gubar ta zauna a taɓo. Bana a zuba, baɗi a ƙara, tana taruwa. Daga taɓo ta shiga kifi. Daga ruwan ban-ruwa ta shiga ƙasar lambu. Saniya ta sha, mu sha nononta. Wanda ke Illela ya ci, wanda ya sayi kayan lambunmu a Sakkwato ya ci. Guba ba ta tsayawa a shingen kwastan ta nuna takarda, don haka wannan magana ta 'yan uwanmu na Konni ce kamar yadda take tamu.

Ga abin da ya sa nake wannan kira yanzu. Garinmu na girma. A watan Oktoban 2024 aka ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry, mai tsawon sama da kilomita 1,000, kuma daga nan Illela ta faro. Hanya na zuwa da motoci, da tashoshi, da gidajen mai, da masauki, da sababbin unguwanni. Muna maraba. Amma duk wannan shara ce ke ƙaruwa. Garin da ya kai haka dole ya ware babban filin zubar da shara, kuma duk filin shara yana fitar da ruwan bola. Daga nan sai tambaya ta taso: ina za a kai wannan ruwa? Hanya mafi arha ga ɗan kwangila ita ce ya sa bututu ya sake shi cikin kwari mafi kusa. Abin da yake buƙata kawai takardar izini ce.

Takarda ɗaya. Sa hannu ɗaya. In aka sa shi muna barci, sai mu farka mu iske guba na kwarara da hatimin hukuma.

Don haka mu faɗa tun yau, da babbar murya, kowa ya ji. Ba mu yarda a ba kowa izinin sakin ruwan bola a hanyar ruwanmu ba. Ko kamfani ne, ko ɗan kwangila, ko ma'aikata. Ba mu yarda a kafa juji a fadama ba. Ba mu yarda a kafa shi kusa da rijiya ba. Ba mu yarda a kafa shi a kwarin da ke gangarawa Kalmalo ba. Ba mu yarda ba!

Za su ce ai za a tace ruwan kafin a sake shi. Ku tambaye su, cikin ladabi, ido cikin ido. Wa zai auna shi? Sau nawa a wata? A ina za a manna sakamakon mu gani? Ranar da babu wuta, babu man janareto, ina ruwan zai tafi? Ranar da aka kwana ana ruwa a watan Agusta, ramin tarawa ya cika ya tumbatsa, gonar wa zai shiga? In injin ya lalace, wa zai gyara, da kuɗin wa? Wanda ya kasa amsa waɗannan a gaban jama'a bai cancanci takarda ba.

Ku tambayi Kanawa. Ba sai an je nesa ba, a zamaninmu ne: masana'antun jima na Sharaɗa da Challawa da Bompai sun daɗe suna sakin dagwalo a kogin Challawa, da rafin Getsi da ke haɗuwa da Jakara ya zube a madatsar Wasai. Masu bincike na jami'o'i sun sha auna ruwan da ganyen da ake nomawa a bakinsa suna samun ƙarafa masu guba. An yi taro, an kafa kwamiti, an ba da kwangila. Har yau ana fama. Ruwan da aka bari ya ɓaci, gyaransa na cin kuɗin da ƙaramar hukuma ba za ta taɓa samu ba. Hana shi ɓaci kuwa, muryarmu ce kawai kuɗinsa.

Kuma doka na bayanmu. Ku san wannan, ku riƙe shi da kyau. Sashe na 20 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati kare ruwa da iska da ƙasa. Tsarin mulkin ya sa kwashe shara da kula da kasuwa da mayanka cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Dokar auna illar aiki ga muhalli ta 1992 ta sa gina filin binne shara na gari cikin ayyukan da ba a farawa sai an yi nazari, an rubuta rahoto, an baje shi jama'a su duba su faɗi ra'ayinsu. Kwanakin aiki 21 ake ba mutane. Hukumar NESREA, da aka kafa a 2007, ita ce ke tilasta bin ƙa'idojin muhalli a ƙasa baki ɗaya, kuma a jiha muna da Ma'aikatar Muhalli da hukumar SEPA. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi takarda, a ba shi amsa cikin kwana 7.

Waɗannan dokoki da wahala aka same su. A 1988 aka gano dubban durom-durom na guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a wani fili a garin Koko, can jihar Delta ta yanzu, ana biyan mai filin ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Mutanen gari ba su san abin da ke ciki ba. Sai da 'yan jarida suka tona, jama'a suka yi ca, sannan aka tilasta kwashe gubar, aka kafa dokar hana zubar da shara mai guba da hukumar kare muhalli ta farko a ƙasar nan. Da an yi shiru, da durom-durom ɗin sun ruɓe a wurin.

Wani zai ce, to ina za a kai sharar? Tambaya ce mai kyau, kuma tana da amsa. A kai ta kan tudu, nesa da fadama, nesa da rijiyoyi. A daɓe gindin ramin da laka mai kauri ko shimfiɗar roba, don kada ruwa ya nutse. A yi gwalalo a kewaye don ruwan sama ya kauce. A riƙa rufe shara da ƙasa. Ruwan da ya fito a tara shi a ramin da aka daɓe, ranar Illela ta ƙafar da shi. A haƙa ƙananan rijiyoyin gwaji a gefe, a riƙa aunawa. Kashin dabbobi da ruɓaɓɓen kayan gwari taki ne, manoma na nema. Ƙarfe da roba kuɗi ne, 'yan bola-jari na nema. In aka ware waɗannan, abin da zai rage ba shi da yawa.

Yanzu aiki. Kowa da nasa.

Iyayenmu masu unguwanni da hakimai, ku ne idon gari. Ba a yanka fili ba ku sani ba. In aka zo neman wurin juji, ku tara jama'a kafin ku ce komai. Ku kai maganar gaban uban ƙasa. Ku sa a rubuta.

Malamanmu, Allah Ya ƙara muku lafiya, ku hau mumbari da wannan magana. Huɗuba ɗaya a kan haƙƙin ruwa za ta shiga inda takarda dubu ba za ta shiga ba. Ku faɗa a wurin tafsiri, ku faɗa a makarantar dare, ku faɗa a wurin ɗaurin aure.

Iyayenmu mata, ku ne kuka san ruwa. Ku ne ke fara ganin ranar da rijiya ta sauya. In kun ga launi, in kun ji wari, in yaran gida biyu ko uku sun kama gudawa a mako ɗaya, kada ku yi shiru. Ku gaya wa mai unguwa, ku kai yaran asibiti a ranar. Ku ware matattun batura a gwangwani mai murfi, kada su shiga shara, kada yaro ya sa a baki. Robar maganin feshi kada a ɗebi ruwa da ita, ko an wanke.

Sarkin fawa, a yi wa jini da dattin tumbi rami nasu, kada su bi kwata. Makanikai, ku tara baƙin mai a jarka, akwai masu saye. Masu gyaran batir, ku daina fasawa a ƙasa, ku daina zubar da ruwansa a bakin hanya. Masu shagon magani, allura da auduga a mai da su asibiti inda ake ƙona su. 'Yan ga-ruwa, ku dubi inda kuke ɗiba, amanar gidaje ce a kurarku. Sarkin kasuwa da shugabannin 'yan kasuwa, ana karɓar kuɗin shiga kowane mako. Ku nemi a nuna muku kason da ake kashewa a kan shara.

Manoman rani da masuntan Kalmalo, ku ne farkon waɗanda za su yi asara, don haka ku zama farkon masu magana. Ku bi kwaruruka da ƙafa. Ku san kowace hanyar da ruwa ke bi ya shigo tafki. Inda kuka ga juji a bakinta, ku nuna. Makiyaya, ku ma mashayarku ce.

Matasa, ku ne ƙafafun wannan tafiya. Wayar da ke hannunku makami ce. Ku ɗauki hoton kowane juji da ke bakin ruwa, ku rubuta unguwa da rana. Ku sa a Facebook, ku tura a WhatsApp, ku kira gidajen rediyo a shirin kai-tsaye. Ku riƙa leƙa allon sanarwa a sakatariyar ƙaramar hukuma. Kwana 21 ba su da yawa, in suka wuce ba mu sani ba, an wuce da mu. Masu karatun boko, ku rubuta takardar koke, ku yi kwafi: ɗaya ga shugaban ƙaramar hukuma, ɗaya ga kansila, ɗaya ga ɗan majalisarmu na jiha, ɗaya ga Ma'aikatar Muhalli, ɗaya ga NESREA. Ku sa a buga muku hatimin karɓa. Wanda bai iya boko ba ya sa hannu da ajami, ko ya dangwala yatsa.

Mu nemi a dawo da duba-gari bakin aiki. Mu nemi a auna ruwan rijiyoyin da ke kusa da juji, a karanta sakamakon a bainar jama'a. Mu nemi a kwashe jujin da ke kan hanyar ruwa kafin hadari ya haɗu. Mu nemi alkawari a rubuce cewa ba za a sa hannu a wata takardar sakin ruwan bola ba sai an zauna da mu.

Mu yi shi cikin natsuwa. Ba zagi, ba jifa, ba tare hanya. Ba jam'iyya a wannan magana, domin rijiya ɗaya muke sha. Mu je da dattawanmu a gaba, da takarda a hannu, da yawanmu a baya. In ba a amsa ba, mu koma. In an ce gobe, mu zo goben. In an ce shugaba ya yi tafiya, mu bar takarda, mu dawo ranar da ya dawo.

Kada ka ce kai talaka ne. Kada ki ce ke mace ce. Kada ku ce ku yara ne. Ruwan kowa ne, maganar kowa ce.

Ku tashi, jama'ar Illela! Ku tashi, mutanen Kalmalo! Duk wanda wannan kira ya iske, ya karanta wa maƙwabcinsa yau ɗin nan. Gobe bayan sallar asuba ku hallara a ƙofar mai unguwa, da shebur da baro da takarda, ku fara da jujin da ya fi kusa da rijiyarku.